Yaya, Ina Sitiyarin?

Ƙarfe 1:40 na dare wayata ta yi ƙara. Ina Abuja a ɗakin otal, na je wani aiki na kwana uku. Da na ga sunan Sadiƙ, ƙanena, gabana ya faɗi, don yaron nan ko da rana saƙo yake turowa, ba ya kira. Ko sallama bai yi ba.

"Yaya, ina sitiyarin?"

A bayan muryarsa ina jiyo numfashin Umma, irin shaƙewar nan mai kama da busar usur wadda duk ɗan gidanmu ya sani. Watan Janairun 2023 ne, hunturu ya lulluɓe Kano da ƙura, asmarta ta tashi, maganin shaƙarta kuma ya ƙi yi mata aiki. Corollar gida tana Zariya, an tafi da ita biki. Mota ɗaya ta rage a tsakar gida, tawa, kuma ba ta da sitiyari, domin ni da hannuna na cire shi na kulle a wadirob kafin in yi tafiya.

Na san mai karatu zai ce, wace irin mota ce ake cire mata sitiyari a kai ɗaki kamar buta? Sai na ɗan koma baya.

A 2021 na sayi BMW 328i ƙirar 1997, wadda 'yan mota suke kira E36. Tsohuwa ce, amma inji mai silinda 6 ne a cikinta, lita 2.8, ƙarfin doki 193, kuma tayoyin baya ne suke tura ta. Shi ya sa masu son su ga mota tana zamiya da gindi a kwana suke ƙaunarta. Ban taɓa shiga wasan motar da ake yi a kan titi ranar ɗaurin aure ba, na san gidajen da wasan nan ya bari da zaman makoki. Ni da abokaina huɗu wani fili muke zuwa a bayan gari ranar Lahadi da safe, mu jera tsofaffin tayoyi, mu yi ta zagaye har fetur ya ƙare ko rana ta kore mu.

A filin nan na fara ganin abin. Wani abokinmu ya tsaya, ya sa yatsu a bayan sitiyarinsa, ya ja wani zobe, sai ga sitiyari a hannunsa. Ya fito yana karkaɗa shi kamar faifai. Da zai koma ya tura shi, muka ji ƙas, ya tayar da mota ya wuce. 'Yan mota suna ce masa kwik rilis. Hawa uku ne: akwai gindin da ake ɗaurawa a kan sandar sitiyarin mota, akwai mahaɗin kansa wanda yake rabewa gida biyu, sannan sai sitiyarin wasanni da ake ɗaure wa rabin na sama da ƙananan kusoshi shida. Tun daga ranar abin ya shiga raina.

Duk wanda ya tambaye ni dalili, nakan ce saboda ɓarayi ne, ɓarawo ba zai tuƙa motar da ba sitiyari ba. Wani lokacin in ce ina da tsawo, cire shi yana sauƙaƙa mini shiga da fita. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce ƙannena. A gidanmu mota ba ta mutum ɗaya ba ce. Makulli yana rataye a ƙusa a falon Umma, wanda ya riga tashi shi ne mai ita. Sau nawa zan fito in tarar Sadiƙ ya fita da ita, ya dawo da tanki a bushe da sabon ƙarzo a bamba. Ba zan iya ɓoye makulli ba, Umma za ta ce na fara rowa. Amma idan na ce saboda ɓarayi nake kai sitiyari ɗaki, wa zai ce mini don me?

Na zaga Ƙofar Ruwa ban samu ba. Sai na ci karo da wani mai sayarwa a Instagram, hotuna tas-tas, da sunan wani shahararren kamfani a jikin kayan. Kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da na gani a shafukan waje ba. Na san da walakin, amma na ce wa kaina ai ƙarfe ƙarfe ne. Cikin kwana huɗu aka kawo mini shi a kwali mai sheƙi.

Malam Sale ne ya ɗaura mini. Shekara talatin yana gyaran motocin Jamus, kuma ba ya son surutu. Ya buɗe but ya cire kan batir, don a wannan ƙirar a baya batirin yake, ya ce mu jira tukuna, kada jakar iska ta tashi a fuskarmu. Ya kwance kusoshi biyu a bayan sitiyarin, ya zare jakar a hankali kamar mai ɗaukar jariri, ya ajiye ta fuskarta tana kallon sama. Ya sa sifana mai lamba 16 ya kwance babbar ƙusar tsakiya. Da ya gama ɗaura sabon, ya sa ɗan rezista a wayar jakar iskar don kada fitilar gargaɗi ta riƙa ci a dashbod. Sannan ya naɗe tsohon sitiyarin da jakarsa a buhu ya miƙo mini.

"Injiniya, ajiye wannan. Za ka neme shi."

Na yi dariya na jefa buhun a sito.

Wata uku na farko ban ga aibunsa ba. Daga nan sitiyarin ya fara girgiɗi, ɗan kaɗan, kamar haƙorin yaro da ya kusa fita. Oda ta fara yi tana ɗaukewa, kuma wanda ya san tuƙin Kano ya san mota ba oda kamar shiga kasuwa ne ba baki. Sai kuma zoben kullewar ya fara tsayawa a rabi. Idan na tura sitiyarin zan ji ƙara, amma bai gama kamawa ba. Na gano dabararsa: in buga shi da tafin hannu ta gefen hagu, in ji ƙara ta biyu, sannan in fizgo shi da ƙarfi in tabbatar. Kullum haka nake yi har ya zame mini jiki, na daina ganinsa a matsayin matsala.

Abin da yake ba ni kunya har yau shi ne, sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce. A wurin aiki, idan aka kawo mini tsarin da ba ya tafiya sai da wata dabarar da mutum ɗaya kaɗai ya sani, cewa nake yi lalatacce ne, a koma a gyara, domin ranar da mutumin ba ya nan ita ce ranar da za a buƙace shi. Na sha faɗa wa yaran da nake koyarwa haka. Ga shi ni na yi irinsa, a kan abin da yake riƙe da tayoyin mota.

To, ranar ita ce daren da Sadiƙ ya kira.

Na ce masa ya ɓalle ƙofar wadirob ɗin. Na ji ƙarar taɓarya, na ji gudunsa. Ya sa wayar a sifika. Na ce, "Ka daidaita shi, ka tura har sai ka ji ƙas." Ya ce, "Na ji, Yaya." Hauwa, ƙanwarmu, ta shigar da Umma kujerar baya. Ban ce ya buga gefen hagu ba. Ban ce ya fizgo ya gwada ba. Abu ne da hannuna ya sani, bakina bai taɓa furta shi ba, kuma a ruɗewar wannan lokacin ko tunawa ban yi ba.

Na ji inji ya tashi, na ji an buɗe get. Ya yi ribas ya fito, ya juya yana duba baya, hannunsa ɗaya yana jan sitiyarin. Sai na ji Hauwa ta saka salati, na ji wani gum, sannan shiru. Na yi ta kiran sunansa. Can ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Yaya, ya fita. Yana hannuna."

Tayar baya ta faɗa kwata, bamba ta daki katangar maƙwabcinmu. Ƙarar ce ta tashi Alhaji. Ya fito da jallabiya, bai tambayi komai ba, ya fito da motarsa ya kai Umma asibiti. Aka sa mata iska da magani, kafin asuba numfashinta ya daidaita. Ni kuwa na zauna a bakin gadon otal har gari ya waye, lissafi ɗaya nake yi. Tsakanin gidanmu da asibitin akwai babban titi miƙaƙƙe, babu kowa a kansa a wannan lokacin. Na san yadda Sadiƙ zai taka motar nan da Umma tana shaƙewa a bayansa. Da sitiyarin bai fita a ƙofar gida ba, a can zai fita.

Da na dawo Kano na kai wa Malam Sale mahaɗin. Ya warware shi a kan benci ya nuna mini. A rabin da yake jikin mota akwai ƙananan ramuka, a ɗaya rabin akwai ƙwallayen ƙarfe irin na boris, sai zobe mai sifirin da yake danna ƙwallayen cikin ramukan. Ramukan nawa sun cinye, sun zama kamar ƙwai, domin alminiyam ɗin mai laushi ne. Sifirin ɗin kuwa da yatsa biyu ya matse shi. Ya ce, "Wannan ko a ƙofar bandaki ba zan sa shi ba." Ya ajiye, ya goge hannu. Bai ce ai na faɗa maka ba, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi.

Wani zai ɗauka daga nan na haƙura. Ban haƙura ba. Na ce laifin jabu ne, bari in nemo gangariya. Na yi makonni ina karatu da dare, irin karatun da ya kamata in yi tun farko.

Abu na farko da na koya shi ne asalin abin. A 1966, a gasar Formula 1 ta Beljiyam da aka yi a Spa, ruwan sama ya sa motar Jackie Stewart ta kauce daga hanya ta lanƙwashe. Sitiyari ya danne shi, fetur yana zuba a jikinsa, ya yi kusan minti 25 a ciki. Direbobi biyu, Graham Hill da Bob Bondurant, su suka ciro shi, sai da suka ari sifana a wurin wani ɗan kallo suka kwance sitiyarin. Bayan nan Stewart ya riƙa manna sifana a cikin motarsa, ya kuma shafe shekaru yana fafutukar a gyara tsaron direbobi. Irin wannan ce ta sa sitiyari mai cirewa ya zama dole a motocin tsere: mutum yana cikin matsattsiyar kujera, ƙarafa sun kewaye shi, wuta na iya tashi, dole ya fita cikin daƙiƙoƙi. Shi ya sa a dokokin hukumar FIA zoben da ake ja ɗin launin rawaya ake yi masa, don mai ceto ya gan shi nan take ko bai taɓa ganin motar ba. An ƙirƙiro abin ne don kowa ya iya buɗe shi a lokacin tashin hankali. Ni kuma na saye shi don in hana mutanen gidanmu taɓa mota.

Na biyu, ko gangariyar ba ta yafe sakaci. A watan Maris na 2016, a Phoenix ta Amurka, sitiyarin Jimmie Johnson ya fita a hannunsa yana tsaka da gudu, ya daki katanga. A lokacin ya riga ya lashe gasar NASCAR sau 6, kuma daga baya ya amsa cewa shi ne bai tabbatar ya kulle ba. Idan hakan ta faru da shi, da kayan da ƙwararru suka duba, ina ga Sadiƙ da ƙarfe biyun dare?

Sai kuma zaɓen kansa, wanda ya fi yadda na zata ƙa'idoji. Gindin da ake ɗaurawa a sandar sitiyari dole ya zama na ƙirar motarka, domin haƙoran sandar BMW daban suke da na Honda ko Toyota, kuma wanda ya shiga da sako-sako zai cinye haƙoran. Mahaɗin yana ƙara kauri kusan santimita 6, don haka ana haɗa shi da gajeren gindi, in ba haka ba sitiyari ya matso ƙirjinka, sandar sigina ta yi wa yatsunka nisa. Ramukan kusoshi shidan nan ma iri biyu ne: Momo da Sparco da OMP suna bin da'ira mai faɗin milimita 70, Nardi da Personal kuwa 74. Bambancin milimita 4 ne kacal, amma ya isa ya sa ka sayi abin da ba zai ɗauru ba.

Kullewar ma iri-iri ce. Akwai mai haƙora, wanda aka fi gani a motocin tsere zalla, wasunsu ma walda ake yi musu a jikin sandar. Akwai mai ƙwallaye irin nawa, wanda Works Bell na Japan da NRG na Amurka suka yi suna da shi. Mai kyau a cikinsu wuri ɗaya tak yake kamawa, ba zai yarda ka ɗaura sitiyari a karkace ba, kuma yana da ɗan maɓallin tsaro da sai ka danna kafin zoben ya ja baya. Yana da hanyar wutar oda a tsakiyarsa. Masu shiga gasa a Amurka suna duba ko yana da shaidar gwajin SFI mai lamba 42.1. Amma duk wannan rubutu ne da mai jabu zai iya bugawa a kwali, kamar yadda ya buga a nawa. Abin da ya rage wa mai saye shi ne ya bi ta hannun dillalin da kamfanin ya amince da shi, ya kuma yarda cewa araha ba ta ado. Bayan an ɗaura, gwajin kullum ɗaya ne: ka tura, ka ji ya kama, ka fizgo da hannu biyu kafin ka sa makulli.

Na zaɓi Rapfix II na Works Bell da gajeren gindinsa. Wani abokin aikina da yake Ingila ya saya a wurin dillali ya taho mini da shi. Da na riƙe shi na ji bambanci tun daga nauyi. Idan ya kulle, ƙarar wata siririya ce mai tsabta, kuma ko ka girgiza shi da duk ƙarfinka ba ya motsi. Na ɗauka na tafi garejin Malam Sale ina jin kaina.

Ya jujjuya shi, ya kulle, ya buɗe, ya gyaɗa kai. Ya ce, "Wannan kaya ne." Sannan ya dube ni. "Injiniya, motar nan ta titi ce ko ta fili?"

Na ce duka biyun.

Ya ce, "Wanda yake tsere ya cire jakar iska, amma yana da bel mai igiya shida da ya ɗaure shi a kujera, da hular kwano, da kejin ƙarfe a kansa. Kai me kake da shi? Bel ɗin da ke motarka an yi shi ne ya bar ƙirjinka ya ɗan tafi gaba, jaka ta tare ka. Ka cire jakar, ka sa ƙarfe a wurin. Ran da wani ya shigo maka a kwana, fuskarka me za ta tarar? Bar ta kai. Ta yaron nan fa?"

Na san wannan, na karanta. Jakar iska tana cika cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin 20 na daƙiƙa, kuma tare da bel aka tsara ta, kowanne yana jiran ɗan'uwansa. Na karanta na wuce, don ba amsar da nake nema ba ce. Makonnin da na yi ina auna milimita da nau'in ƙarfe, duk a kan wanne zan saya nake, ban taɓa tsayawa a kan ko ya kamata in sa ba. Kusan shekara biyu ina yawo a titunan Kano ba jakar iska, da rezistan da aikinsa kawai ya hana mota faɗa mini gaskiya.

Na ce masa zan yi tunani. Na koma gida da kwalin.

Da daddare na shiga gaishe da Umma. Tunda abin ya faru ba ta taɓa ɗaga maganar ba. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini faɗa kai tsaye. Tana jan carbi, ta dubi kwalin da ke hannuna, ta dubi Hauwa, kamar da ita take magana.

"Ki ce wa yayanku a mayar wa motar nan da hannunta. Yaron nan har yau ba ya barci sosai."

Ban san Sadiƙ ba ya barci ba. Na je ɗakinsa. Ya ce shi gani yake laifinsa ne, da ya tura da kyau da bai fita ba, da wani abu ya sami Umma shi ne sila. Wata biyu yana ɗauke da wannan, ni ina can ina kwatanta kamfanoni. Na zauna na faɗa masa komai: jabun, da girgiɗin, da bugun gefen hagu, har da ainihin dalilin da ya sa nake kai sitiyari ɗaki. Ya yi shiru, can ya ce, "Ai da ka ce kawai in daina ɗauka, Yaya." Na ce da ka daina? Ya ce a'a. Muka yi dariyar da muka daɗe ba mu yi ba.

Washegari na shiga sito na zaro buhun nan daga ƙarƙashin tsofaffin tabarmi. Malam Sale ya duba jakar da wayoyinta, ya cire rezistan, ya mayar da komai mazauninsa. Da ya haɗa batir ya murɗa makulli, fitilar gargaɗin ta kama na 'yan daƙiƙoƙi ta mutu da kanta, yadda aka yi ta ta yi. Bai karɓi ko sisi ba.

Rapfix ɗin yana nan a kwalinsa a saman wadirob, wanda har yanzu ƙofarsa ba ta rufuwa daidai. Ban sayar ba. Ina tara kuɗin kujerar tsere da bel da keji, kuma ranar da motar nan ta daina hawa titi, ta zama ta fili kaɗai, gida kuma ya sami wata ta biyu, ranar zan ɗaura shi. Kafin nan ina zuwa filin Lahadi da babban sitiyarina na 1997, abokaina suna tsokanata wai na zo da motar Alhaji.

Makullin yana ƙusar falon Umma. Yau da safe na fito zan je gyaran gashi na tarar ba motar. Sadiƙ ya turo saƙo wai ya kai Hauwa makaranta, yanzu zai dawo, kuma wai in turo masa kuɗin mai.